Ranar da Na Sa Ganga Ta Taka Totur

Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, wadda muke kira esi. Shekara shida ke nan ina Doha. Kamfaninmu yana kula da na'urorin wasu otal-otal a Lusail, masaukinmu kuma yana Al Wukair, wato daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. Kullum da sassafe wata ƙaramar bas fara ke kwashe mu ta kai mu bakin aiki. A cikin wannan bas na aikata abin da zan faɗa a nan. Ban yi karatu mai zurfi ba, saboda haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Mu shida ne fasinjoji, kwanakin aiki ma shida, Asabar zuwa Alhamis. Tun kafin in zo an yi doka cewa kowa yana da ranarsa ta haɗa wayarsa da rediyon mota, kuma duk abin da mai rana ya kunna sai a saurara, ba ƙorafi. Wani dattijo mai aikin lantarki, mutumin Kafanchan, waƙoƙin coci yake sa mana. Wani ɗan Filifin mai fara'a, wanda muke hawa rufin otal tare, waƙoƙin soyayya yake so, irin waɗanda mawaƙi yake jan kalma ɗaya har shayi ya huce. Ranata Talata ce. Direba ba shi da rana, shi dai tuƙi.

Direban namu mutumin Kumasi ne, haifaffen Zango, ya girme ni da kusan shekara goma. Ba shi da yawan magana. Yaya nake ce masa, shi kuma ɗan Jos yake kirana.

Talatar farko da aka ba ni rana, na kunna waƙoƙin wasu samarin garinmu su huɗu masu kiɗan rok da Hausa. Jita biyu, ganga, da mawaƙi mai murya kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Ba kiɗan da ake yi wa rangaji ba ne. Kiɗa ne da yake shiga ƙirjin mutum ya sa ya ji kamar zai iya ɗaga firji shi kaɗai. Na ɗauka za a kore ni daga motar. Sai na ji direba yana bin baitin, kalma da kalma, yana buga sitiyari da yatsu. Ashe ya san su. Wani ƙaninsa mai kai goro arewa ne ya taɓa kawo masa waƙoƙinsu a ɗan katin waya, ya haddace su tas.

Daga ranar muka zama abokai. Ya riƙa ajiye mini kujerar gaba. In ya yi girki ranar Juma'a sai ya rage mini a roba. Ni kuma, don in ƙara wa kaina daraja a idonsa, na ce masa mai gangar abokina ne, tare muka tashi. Gaskiyar ita ce sau ɗaya na taɓa ganinsa kusa, ranar da suka yi wasa a wani fili na taimaka aka sauke lasifika daga mota. Ko sannu bai ce mini ba. Wannan ita ce ƙaryata ta farko, kuma na sha maimaita ta har ni ma na fara tuna yarintarmu tare.

Ana nan sai samarin suka fitar da sabon kundin waƙoƙi. Na yi ta jira, na sauke shi a waya, na kunna a ɗaki. Waƙa ta farko, fiyano. Na ce ai gabatarwa ce. Ta biyu, fiyano da goge. Ta uku ma haka. Mawaƙin nan mai muryar kwano ya koma raɗa, yana roƙon wata ta dawo, yana maganar ruwan sama da taga. Mai ganga kuwa, abokina na ƙarya, kamar an ce masa jariri na barci a ɗakin. Sai ya ɗan shafa ganga ya jira, ya sake shafawa. Na saurari kundin har ƙarshe ina tsaye, na kasa zama.

Washegari na shiga mota da labarin rasuwa. Na ce an gama da su, sun sayar da kansu ga masu ɗaurin aure da masu otal. Ɗan Filifin ya ce in kunna ya ji, da ya ji kuwa ya ce yanzu ne suka zama mawaƙa. Dattijon Kafanchan ya ce shi dai karo na farko ke nan da ya gane Hausa suke yi. Duk wannan bai dame ni ba, don ba su san kiɗan ba. Na juya wajen direba ina jiran ya mara mini baya.

"Ɗan Jos," ya ce, "ni sababbin sun fi mini."

Na yi zaton wasa yake yi. Ya ce ba wasa ba ne. Wai mutum ba ya dawwama yana ihu, ko jaki yakan gaji ya yi shiru. Wai waƙa ta huɗu ta tuna masa da matarsa ranar da ta raka shi filin jirgi. Na ce ai matarsa ta cancanci abin da ya fi kukan fiyano. Ya yi dariya.

Gardamar ta ɗauke mu makonni. Muna yin ta a hanyar zuwa, mu ajiye ta a ƙofar otal, mu ɗauka da yamma daidai inda muka tsaya. Na shiga dandalin masoyan mawaƙan a waya, can ma an rabu gida biyu, na zama ɗaya daga cikin masu zafin baki. Har wata mata daga Bukuru ta rubuta cewa in je in nemi aikin yi. Na amsa mata daga saman rufin otal, gumi yana shiga mini ido, cewa aiki nake yi. A mota kuwa, duk Talata sai in zaɓo mafi zafi cikin tsofaffin waƙoƙin in ƙure murya, don in tuna wa direba asalinsa.

Wata Talata da yamma, bayan kowa ya sauka, ya ce in dakata. Ya kashe mota. Ya gaya mini abin da ban sani ba. A ƙasar nan, in kyamarar hanya ta kama direba da gudun da ya wuce kima, ban da tara akwai maki da ake rubutawa a kan lasisinsa. In makin ya cika, sai a karɓe lasisin na wani lokaci. Shi kuma nasa ya kusa cika, saura laifi ɗaya. Ya ce ya zauna ya duba ranakun da aka kama shi, ya ga dukansu Talata ne.

"Ƙafata ce," ya ce. "In wannan gangar ta tashi, ƙafata ba ta jin maganata. Ita take bi. Sai in duba allo in ga na wuce, ban san lokacin da na taka ba. Don Allah ka bar mini masu sanyin a kan babban titi. In mun tsaya, kunna abin da ka ga dama, ni ma zan taya ka."

Ya kamata a ce nan na gane. Direba in ba lasisi ba shi da aiki, kuma a nan aikin mutum shi ne zamansa. Yana da 'ya'ya huɗu a makaranta. Duk na san wannan. Amma abin da kunnena ya ji daban ne. Na ji mutumin da ya sha kaye a gardama yana fakewa da ƙafarsa. Kuma na ji wani abu da ya fi wannan daɗi: ashe har yanzu tsofaffin waƙoƙin ne ke motsa shi, bakinsa ne kawai ke yabon fiyano. Na ce masa to, na ji. Da safe ya faɗa wa sauran, aka amince cewa a kan babban titi sai kiɗa mai sanyi. Dattijo ya ce da ma haka ya kamata tun farko. Na ɗaga hannu tare da kowa.

Talata biyu na yi ina sa sababbin waƙoƙin da hannuna, ina kallon taga kamar wanda aka kai gaisuwar mutuwa gidan da bai sani ba. Direba yana tuƙi a natse, har yana ce mini na gode.

A mako na uku na tambayi ɗan Filifin yadda ake yanka waƙa a haɗa da wata, don na san yana yi wa 'yarsa irin wannan. Ya nuna mini a lokacin hutun rana, bai tambayi dalili ba. Na ɗauki waƙa ta huɗu, wadda direba ya fi so, na bar farkonta yadda yake. Daidai inda mawaƙi ya ja numfashi zai shiga amshi, na yanke na dasa tsohuwar waƙar da ta fi kowace zafi, daga inda ganga take ɓarkewa. Bayan minti biyu na mayar da fiyano ya ƙarasa abinsa. Na yi aikin da kulawar da ban taɓa yi wa esin kowa ba. Har lokaci na auna. Na san minti nawa muke yi daga masauki zuwa inda titi yake miƙewa ɗoɗar, inda direba ba ya iya sakin sitiyari ya taɓa rediyo, na jera waƙoƙin yadda gangar za ta faɗo a daidai wurin.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na manta akwai kyamara a wannan miƙen. Ban manta ba. Kullum muna wuce ta, har dattijo yakan ɗaga mata hannu. Abin da na gaya wa kaina shi ne direba zai yi murmushi, ya buga sitiyari sau biyu, in ce masa ka gani, shi ke nan. Ina son in ci gardama ne, ban bar wa sauran tunanin wuri ba.

Ranar ta zo. Gari ya fara haske, titi ba cunkoso. Waƙa ta huɗu ta fara, direba ya sassauta kafaɗa yana bin ta a hankali. Mawaƙi ya ja numfashi. Ganga ta faɗo cikin motar kamar an kifar da akwatin kayan aiki daga bene.

Abin da ban zata ba shi ne kowa zai shiga. Makonni uku ana shan fiyano, ashe duk an ƙosa. Dattijon da yake cewa ba ya gane kalmominsu ya kama murfin kular abincinsa yana kaɗawa. Ɗan Filifin ya saki wata ƙara. Na baya suna buga kujeru. Direba kuwa ya buɗe baki ya ɗauki baitin da dukan ƙarfinsa, wuyansa ya miƙe, fuskarsa ta koma ta saurayi. Na dube shi na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na buɗe baki zan ce ka gani.

Sai haske ya walƙa a gefen titi, fari, sau ɗaya.

Direba ya ɗage ƙafa, motar ta lafa. Ganga ta ƙara 'yan daƙiƙu tana dukan banza, sannan fiyano ya dawo yadda na tsara, mawaƙi ya ci gaba da roƙon wata ta dawo ana ruwan sama. Da wannan muka shiga Lusail.

Da muka tsaya, dattijo ya tambaye ni me ya sami wayata. Na ce ita ma ban san kanta ba, kwanan nan tana tsallake waƙoƙi, wataƙila zafi ne. Ƙarya ta biyu ke nan. Direba ya ce ba komai, laifin ƙafarsa ne, shi ya kamata ya riƙe ta. Amma ranar, da muka hau rufi, ɗan Filifin bai miƙo mini sufana ba ko sau ɗaya. Sai ya ajiye a ƙasa in sunkuya in ɗauka.

Kwana huɗu muna jira. Direba ya ce wani lokaci kyamara takan walƙa don motar da ke gefe. Na riƙe wannan magana da hannu biyu, na yi addu'a a kanta, har na yi wa Allah alkawarin zan daina shiga dandalin nan. A rana ta biyar manajan sufuri ya kira shi ofis. Makin ya cika. An karɓe lasisin na wata uku. Kamfani bai sallame shi ba, saboda ya daɗe kuma ba a taɓa samunsa da wani laifi ba, amma aka mayar da shi wankin motoci a harabar ma'aikata, a tsakiyar zafin da ko ƙarfe ba ya taɓuwa.

Aka kawo mana sabon direba, wani mutumin Kerala ta ƙasar Indiya. Ranar farko ya ce shi ba ya tuƙi da kiɗa. Wayarsa ya haɗa da rediyon, ya kira surukinsa, suka yi ta magana da harshensu daga Al Wukair har Lusail. Haka kullum. Dokar ranaku ta mutu. Bayan mako biyu dattijo ya ce ya fara gane cewa rigimar fili suke yi, kuma a ganinsa surukin ne da gaskiya.

Duk safiya in za mu fita sai mu wuce tsohon direbanmu da bokiti da tsumma, ya ɗaure kai da tawul. Yakan ɗago mana hannu. Ni na koma zama a kujerar baya, ɓangaren da ba ya kallon harabar.

Juma'a ta uku, bayan an tashi daga coci, don a nan ranar Juma'a muke zuwa, na kasa komawa ɗakina. Na sayi gasasshiyar kaza da burodi na nufi nasa. Na same shi ya dawo daga masallaci yana jiƙa ƙafafunsa a roba. Na ajiye ledar, na tsuguna, na ce Yaya, ba waya ba ce, ni ne. Na faɗa masa komai, yankan, aunin lokacin, kyamarar da ban manta da ita ba. Da na ga na fara, sai na ƙara da cewa mai gangar ma bai san ni ba.

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke cikin robar. Sannan ya ce in kunna masa abin. Na ce Yaya, ka bar shi. Ya ce in kunna. Muka saurara tare, fiyano, numfashi, ganga. Ya sa na mayar baya ya sake ji.

"Ka yanke masa shiga," ya ce. "Akwai bugu uku kafin nan, su ne daɗin wurin. Ka zubar da su. In za ka kashe mutum da waƙa, ai sai ka sa ta cikakkiya."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ya ce tun a ranar ya sani, don waya ba ta tsallakawa tsakiyar waƙa ta dawo daidai inda ta bari. Jira yake ya ga kwana nawa zan yi. Ya ce ya yi mini zaton mako ɗaya, na ba shi uku. Batun mai ganga kuwa, wai tun watan farko ya gane, saboda duk lokacin da na ba da labarin unguwar da muka tashi tana canjawa.

Na ce zan je in gaya wa manaja. Ya ce in je, ba don zai amfane shi ba, sai don ya amfane ni. Ranar Asabar na shiga ofis na yi bayani da Turancina mai ɗingishi. Manajan ya saurare ni yana juya biro. Ya tambaya ko ni ne na taka totur. Na ce a'a. Ya ce kyamara ba ta ɗaukar hoton kiɗa, khalas, wato magana ta ƙare, in koma bakin aiki. Ina fita na ji yana ba wani labarin a waya yana dariya.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Sauran makonnin, in mun dawo da yamma, nakan tuɓe rigar aiki in ɗauki tsumma in taya shi ƙarasa motocin da suka rage. Bai hana ni ba, bai kuma gode mini ba. Yakan nuna mini inda na bari da yatsa. Wani lokaci ya sa sabon kundin a wayarsa ya ɗora a kan taya, mu yi ta wanki ana raɗa da fiyano, ban isa in ce komai ba. Sau ɗaya na yi tsaki ba da niyya ba, ya ɗago ya dube ni, na ce sauro ne.

Wata uku suka cika, aka mayar masa da lasisinsa. Amma motarmu ta riga ta zama ta mutumin Kerala. Shi aka ba shi wata hanya, yana kai ma'aikatan wanki can arewa da Lusail, yana fita kafin mu tashi, ya dawo bayan mun ci abinci. Masaukinsa ma aka canja. Yanzu sai mu yi wata biyu ba mu haɗu ba. In mun haɗu yana amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi mutanen gida, ya ce ɗan Jos, yaya ganga. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Robar abincin Juma'a dai ba ta sake zuwa ba.

Na tuba daga ƙaryar, na tuba daga yankan waƙar, na tuba daga wata ukun da mutumin kirki ya yi a rana saboda ni. Akwai abu ɗaya da na yi ta ƙoƙari na kasa, gara in faɗe shi tunda faɗar gaskiya na zauna yi. Na saurari sabon kundin nan fiye da sau hamsin, da zuciya ɗaya, ina roƙon Allah ya sa in so shi. Har yau tsofaffin sun fi.